Mastas a adabi zai koya miki rubuta labari? Amsa ga wata marubuciyar onlayin

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ta ɗan kwana biyu a wajena, ki yi haƙuri, makin takardun jarrabawa ne ya riƙe ni. Don waɗanda ba su ga tambayar ba, cewa ta yi ta gama digirin farko a Hausa, ta yi bautar ƙasa, yanzu tana koyarwa a wata sakandare, kuma shekara biyar ke nan tana rubuta littattafai tana sakewa a WhatsApp da Wattpad. To tana so ta koma mastas a ɓangaren adabi don hannunta ya ƙara faɗawa a rubutu, shin zai yi mata amfani, kuma ko za a yarda ta miƙa sabon littafin da take rubutawa a matsayin kundi.

Kin haɗa abu biyu ne a tambaya ɗaya, kuma ba laifinki ba ne, don duk sunansu adabi. Akwai nazarin adabi, akwai ƙirƙirar adabi. Na kan gaya wa ɗalibaina cewa mai nazari mahauci ne, in ka ba shi sa zai feɗe maka shi ya gaya maka sunan kowace tsoka da inda jijiya ta bi, shi kuwa marubuci makiyayi ne, shi ya kwana da saniyar ranar da za ta haihu. Dukansu sun san shanu amma ba sani iri ɗaya ba. Mastas ɗin da ake yi a sassan Hausa na jami'o'inmu na mahauta ne, kuma ni ma cikinsu nake, ba zagi ba ne.

Ga yadda abin yake in kin shiga. Shekarar farko kwasa-kwasai ne, za ki yi zube, waƙa ta baka da rubutacciya, wasan kwaikwayo, mazhabobin tarke, wato hanyoyin feɗe adabi, dabarun bincike, wani lokacin a cusa miki ɗan kwas na harshe ko al'ada ko da ba shi kika zo yi ba. Daga nan sai furofozal, wato tsarin binciken da kike son yi, ki tsaya gaban malamai su yi miki kaca-kaca, ki je ki gyara, ki rubuta kundi yawanci babi biyar, gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, ra'in da kika ɗora aikin a kai da hanyar bincike, sai ainihin nazarin, sai kammalawa. Ki kare shi a cikin gida, sannan a kirawo mai jarrabawa daga wata jami'a ki sake karewa. A takarda wata 18 ne zuwa shekara biyu, a zahiri kuma Allah ne masani, don waɗanda yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 ya rutsa da su, na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, sun san abin da nake faɗa. To a duk wannan tsarin ki nuna min inda littafinki zai shiga. A sassan Hausa da na koyar da waɗanda na je jarrabawa ban taɓa zama a difens, wato zaman kare kundi, inda ɗalibi ya ajiye ƙagaggen labarinsa ya ce ga kundina ba, kuma ko nazarin littafinki da kanki kika ce za ki yi ba za a bari ba, don ba a zama alƙali a shari'ar kai. Kwas ɗin ƙagaggen rubutu da kika yi a digirin farko, wanda aka ce kowa ya kawo gajeren labari ko waƙa, galibi daga shi an rufe babin. Saboda haka kafin ki sayi fom ki je sashen da ƙafarki, ko na Hausa ne ko na Turanci, ki nemi ɗan littafin nan da aka jera kwasa-kwasan digiri na biyu a ciki, ki tambayi kodinetan da baki ko suna karɓar aikin ƙirƙira a madadin kundi, kar ki dogara da sunan kwas da kika gani a intanet.

Shi wancan tsarin da kike jin labari, inda mutum ke rubuta littafi a ba shi digiri, asalinsa Amurka ne. Jami'ar Iowa ce ta fara cewa za ta karɓi aikin ƙirƙira a matsayin kundi tun 1922, sannan a 1936 ta kafa shirin horar da marubutanta wanda har yau shi ne ya fi suna. Ingila ba ta bi sahu ba sai 1970, lokacin da Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka buɗe mastas na ƙagaggen rubutu a Jami'ar East Anglia da ke Norwich, kuma ko a lokacin malaman adabi da yawa kallon abin suke yi a ɗage, wai ta yaya za a koya wa mutum baiwa. Bakin masu wannan magana ya ɗan mutu da Kazuo Ishiguro, wanda ya yi wannan kwas ɗin, ya ci kyautar Nobel a 2017, amma har gobe ana gardamar.

Zuciyar wannan karatu ba lakca ba ce, wani zama ne da suke kira wokshof, ni zaman gyara nake ce masa. Mutum goma ko sha biyu ku kewaye tebur da malami ɗaya wanda shi ma marubuci ne. Wadda layi ya zo kanta ta raba wa kowa babinta tun mako guda kafin ranar, kowa ya je ya karanta ya cika gefen takarda da biro, ranar zama a ɗauki wajen awa guda ana tattauna rubutunta tana zaune, kuma a tsohuwar ƙa'idar ba ta da bakin magana sai an gama. Na taɓa zama a irin wannan na ɗan lokaci a wata ƙasa, kuma wallahi ranar da aka zo kaina ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Wata baiwar Allah ta ce ita ba ta gane dalilin da ya sa tauraron labarin ya bar gida ba, ni kuwa a raina ina ta cewa ai na faɗa, ai yana nan a shafi na uku, da na koma masauki na duba sai na ga ashe a kaina na faɗa, bai sauka a takarda ba. Hikimar hana ki magana ke nan. Ranar da littafinki ya je hannun wata a Damagaram ko Kumasi ba kya nan balle ki ce mata ga abin da nake nufi.

Kuma kar ki ɗauka wannan abin Turawa ne kawai, mu ma mun yi shi, suna ne ba mu sa masa ba. Ke da kika karanta Hausa kin san gasar 1933 da Rupert East ya shirya a ƙarƙashin hukumar fassara da talifi ta Zariya, wadda ta haifar da littattafan zube biyar ɗin farko. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba a aji shi ne East bai tsaya ga karɓar rubutu ya buga ba, gyara yake yi, ya cire ya mayar, kuma da aka ɗauko Abubakar Imam daga makarantar midil ta Katsina aka kawo shi Zariya a 1936 don ya rubuta Magana Jari Ce, tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Turawa da na Indiya aka yi ya karanta, yana rubutu ana dubawa ana tattaunawa. In wannan ba kwas ɗin ƙagaggen rubutu ba ne to ban san sunansa ba. Za a iya gardama a kan irin hannun da Bature ya sa a adabinmu, kuma ana yi, amma horon ya fito a aikin. Haka marubuta waƙa na Kano suka yi da ƙungiyoyinsu irin Hikima Kulob ta Mudi Sipikin, a haɗu a karanta waƙa gaban waɗanda suka san kari da amsa-amo, in ɗango ya karye a gaya maka a take. Balle makaɗan baka, da yaro zai shekara goma yana amshi kafin ya buɗe baki da waƙar kansa.

Na leƙa babi uku na littafinki da kika turo, kuma tunda a fili kika yi tambayar zan ɗan taɓa a fili, ba tonon asiri ba, don abin ba ke kaɗai ba ce. Kina da kunne, hirar mutanenki tana fita kamar ta gaske, musamman tsohuwar nan kakar yarinyar, duk inda ta buɗe baki sai labarin ya tashi. Wannan ba a koyar da shi, ki gode wa Allah. Amma shafi biyu da rabi na farko duk siffanta yarinya ne, hanci, gashi, idanu, kalar atamfa, motar da ta shigo get, kuma har aka gama ban san me take so a duniya ba ko me take tsoro. Sannan duk inda rai ya ɓaci sai ki rubuta "ranta ya yi mummunan ɓaci", na ƙirga sau bakwai a babi uku. A zaman gyara tambayarki za a yi, to da ran ya ɓaci me hannunta ke yi? In kika ce tana tsaye bakin famfo tana ta cuɗa kwano ɗaya da ya riga ya fita tun ɗazu, kishiyar na yi mata magana ba ta juyo ba, kin ga ba ki ambaci rai ba amma mai karatu ya ji shi a ƙirjinsa. Abu na uku shi ne wa ke ba da labarin. A babi na biyu muna cikin zuciyar yarinyar, kwatsam tsakiyar sakin layi sai ga mu cikin zuciyar mijin, sai ga ki ke kanki kin fito kina cewa "ni kuwa na ce hmm su wance manya". Na san masu karatun onlayin suna son wannan tsoma bakin, ya zama salon gidan, kuma yana da asali a tatsuniya da labarin baka, ban ce ki yar ba. Cewa nake ya zama kin zaɓa ne, kin san me yake ƙara miki da me yake rage miki, ba wai hannu ne ya saba ba.

Babbar matsalar ma ba taki ba ce, ta tsarin ce. Mai sakin feji kullum, wato guntun labarin da ake saki a onlayin, ba ta da damar komawa baya. Kin rubuta da dare kin saki da safe, kafin azahar an yi kwamen ɗari, wata ta ce a kashe wance, wata ta ce a dawo da wane, in kuɗi ake biya kuma dole labari ya yi tsawo ko da ya ƙare tun feji na arba'in. Wannan ya koya muku abin da ɗaliban jami'a da yawa ba su iya ba, wato riƙe mai karatu da zama a rubuta ko ana so ko ba a so, amma ya hana ku abu ɗaya, sake rubutu. Kuma in kika matse duk karatun ƙagaggen rubutu na duniya kika tace, abin da zai rage a ƙasan kwano shi ne wannan, ki rubuta, a karanta miki da idon da ba ya jin kunyarki, ki koma ki rushe ki sake gini, sau uku sau huɗu. Masu kwamen masoya ne, masoyi kuwa ba ya gyara, cewa zai yi Allah ya ƙara basira anti muna jiran na gobe.

To a can ɗin ma ba littafi kawai ake miƙawa a tafi ba, musamman in kwas ɗin yana cikin sashen adabi. A Ingila mastas shekara ɗaya ne, kina zaman gyara kina kuma ɗaukar kwasa-kwasan nazari tare da 'yan adabi, a ƙarshe ki miƙa wani yanki na aikinki, sau da yawa wajen kalma 15,000, tare da ɗan sharhi da ke bayyana me kika yi niyya, wa kika karanta, wace matsala kika ci karo da ita a rubutun kuma ya kika warware ta. A digiri na uku cikakken littafi ake so da dogon sharhi na bincike mai zaman kansa. Wannan sharhin shi ke ba ɗalibai wahala fiye da labarin, don wasu sai su mayar da shi yabon kai, wasu kuma su ɗauko ra'in wani Bafaranshe su yafa wa labarinsu kamar rigar aro. Mai kyau shi ne wanda zai ce na fara rubuta labarin da bakin uwar, ya ƙi tafiya, na koma bakin 'yar saboda kaza, ga abin da na rasa ga abin da na samu. Kuma dalilin da ya sa jami'a ke nacewa a kansa a fili yake, mai jarrabawa na bukatar abin da zai kama ya ba da maki, don in labari ne zalla wani zai ce ya yi daɗi wani ya ce bai yi ba, a rasa mai raba gardama. Ina ganin wannan tsoron ne ma ya sa sassanmu ba su buɗe ƙofar ba, ga kuma ƙarancin malaman da su kansu sun rubuta littafin da za su tsaya gaban aji da shi.

A Amurka kuma digirin daban ne, shekara biyu zuwa uku, kuma manyan shirye-shiryen sukan yafe kuɗin makaranta har su riƙa ba ki ɗan albashi kina koyar da 'yan aji ɗaya. Ba su damu da wane fanni kika karanta ba, abin da ke shigar da mutum shi ne samfurin rubutunsa, shafi 20 zuwa 30, shi ya sa gasar ke da zafi, Iowa wajen mutum 25 take ɗauka a ɓangaren zube a shekara daga cikin ɗaruruwan masu nema. Ingila tsada gare ta, ɗalibin waje zai biya kusan fam 20,000 ko sama ban da ci da kwana, sai dai sikolashif irin Chevening, wadda ke neman gogewar aiki ta shekara biyu, koyarwarki ta isa, da sharaɗin ki dawo gida ki yi aƙalla shekara biyu. Kuma 'yan arewa sun bi hanyar, Helon Habila ɗan Kaltungo ne, a Jos ya yi digiri, ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001, ya tafi East Anglia, yanzu shi ke koyar da ƙagaggen rubutu a Jami'ar George Mason a Amurka. Amma ki lura da jerin, sai da ya yi rubutun da ya ci kyauta sannan jami'a ta kira shi, ba jami'ar ce ta fara ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ya sa ban yi saurin ce miki nemi biza ba. Duk wuraren nan da Turanci ake zaman gyaran. Ke kuma ƙarfinki a Hausa yake, kakar nan ta littafinki in aka mayar da ita Turanci ta mutu, habaicinta da zaurancenta da yadda take ja wa jikarta "ke 'yar nan" duk za su zube a hanya. In kin je can za ki koyi gini, tsarin labari, sarrafa lokaci, wa ke magana, waɗannan suna ƙetare harshe. Amma jimla, wadda ita ce naman rubutu, ba wanda zai iya gyara miki ita a teburin. Wajen da ya burge ni a wannan fanni shi ne Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu, da mastas ɗinsu ke karɓar aiki da harsunan gida irin isiXhosa da Afirkans ban da Turanci, ka rubuta littafinka da harshen uwarka a ba ka digiri. Abin da ya kamata a ce Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Yamai na yi wa Hausa ke nan, harshen da ke da marubuta mata fiye da yadda za a ƙirga, na sha faɗa a taron sashe, akan ce magana ce mai kyau a kafa kwamiti.

Akwai kuma wani abu da nake jin tsoro a kanki in kin shiga nazari, don na ga ya faru da idona ba sau ɗaya ba. Yarinya ta zo da hannu mai daɗi, ta yi shekara biyu tana rubuta "wannan bincike ya yi ƙoƙarin gano" da "kamar yadda masana suka bayyana", ta fita ta kasa rubuta jimla mai rai. Mafi muni shi ne ciwon jigo. A aji mun koya muku ku nemo jigo, ku warware shi, ku kawo ƙananan jigogi, to sai ɗalibi ya juya abin, in zai yi labari sai ya fara da jigo, yau zan rubuta a kan illar auren dole, sannan ya nemo mutanen da zai ɗora wa kayan. Abin da ke fitowa wa'azi ne da sunayen mutane a ciki. Jigo abin da mai nazari ke tararwa ne bayan an gama, marubuci da mutum yake farawa, wata mata da ke son wani abu kuma wani abu ya tare mata hanya. Ni kaina akwai littafin da na fara kafin in shiga digiri na uku, yana nan a durowa, duk sanda na ɗauko sai in ji ina yi wa kowace jimla tarke tun ba ta gama fitowa ba, sai in mayar in rufe.

Ban ce kar ki yi ba fa. In kina son koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a, ko ƙarin girma a inda kike, mastas zai yi miki amfani sosai, kuma ba wanda zai ɗauke ki lakcara da yawan mabiya a Wattpad. Sannan nazari zai ba ki abin da na ga marubutan onlayin da yawa sun rasa, wato karatu. Da yawa ba su karanta komai ba sai junansu, shi ya sa labaran ke kama da juna kamar 'yan gida ɗaya. Mastas zai tilasta miki ki koma kan littattafan 1933, da na gasar kamfanin buga littattafai na NNPC, da na gasar sashen al'adu na gwamnatin tarayya, da rubutun ajami da waƙoƙin masu jihadi, da duk muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, wadda in kin karanta za ki yi dariya don duk abin da ake faɗa a kanku yau an faɗa a kan iyayenku a rubutu, har da cewa kuna ɓata tarbiyya. Zai kuma gyara miki ƙa'idar rubutu, don na ga har yanzu kina haɗe "ya ce" kina raba "tana" yadda kika ga dama, kina malamar Hausa, wannan kam sai na ja kunnenki.

Dabarar ita ce ki sa kundin ya yi wa rubutunki aiki. Kar ki yarda a liƙa miki take irin "jigo da salo a littafin wane" wanda an yi shi sau ɗari an canza sunan littafi kawai. Ke kina zaune a kan abin da malamanki ba su sani ba, kin san yadda sakin feji kullum ke canza zubin labari, kin san yadda kwamen ɗin masu karatu ke juya makomar tauraruwa, kin san harkar biyan kuɗi a shiga guruf da satar littafi a karanta a YouTube ba izini. Ki ɗauki littattafai uku ko huɗu na wasu marubutan, ba naki ba, ki yi hira da su, ki nazarci yadda suke gina hira ko yadda suke rufe kowane feji don a dawo gobe. Wannan bincike ne na gaske da ba a gama cinye shi ba, kuma duk abin da kika gano a aikin wasu hannunki zai ɗauka. Wajen sufabaiza kuma in ana ba da zaɓi ki nemi wanda ke karanta adabin yanzu ko shi kansa yana rubutu, ki tambayi ɗaliban da ke hannunsa wata nawa babi ke yi a teburinsa kafin ya dawo, wannan tambayar ta fi muƙaminsa muhimmanci. Akwai malamin da har yanzu ganin rubutun onlayin yake shara ce, in kika faɗa hannunsa da irin wannan take kin shiga uku.

Shi kuma zaman gyaran da jami'a ba za ta ba ki ba, ki haɗa abinki, ba ya bukatar izinin majalisar jami'a. Mutum biyar sun isa, kar su wuce shida, kuma kar ki ɗebo ƙawayenki zalla, ki sa wanda ke rubuta waƙa, ki sa mai rubuta fim in kin samu don su sun san yanke abin da ba shi da amfani, ki sa mutum ɗaya da ba marubuci ba ne amma mayen karatu ne. Duk sati biyu mutum ɗaya ya kawo shafi goma, a karanta kafin a haɗu, ko a falon wata ko ta kiran bidiyo. Mai rubutun ta yi shiru har a gama. A fara da faɗin me aka fahimta ya faru a labarin, tun a nan za ki sha mamaki, sannan inda ya kama mutum, sannan inda aka ji an fara duba waya. An hana "ya yi daɗi" an hana "bai yi ba" sai da dalili da lambar shafi. Reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na jihohi da dama na yin zaman karatu, ki leƙa na garinku, ko ba ki samu gyara mai zurfi a can ba za ki samu mutanen da za ki tsinta. Kuma ki gwada kanki da gajeren labari, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema, ga wadda ta saba da feji ɗari wannan horo ne mai zafi, don a nan za ki gane cikin siffanta hancin nan da kalar atamfa wanne ne labarin ba zai rayu ba in babu shi.

Sabon littafin kuma ki riƙe shi tukunna kar ki fara saki, ko masu karatunki za su yi ta kiran waya. Ki gama shi kaf, ki ajiye wata guda ba ki buɗe ba, sannan ki buga shi a takarda ki karanta da ƙarfi kina ji da kunnenki, da jan biro a hannu. In kuma tunanin waje na ranki, wannan ɗin ne za ki ciro shafi 25 mafi ƙarfi daga ciki ki zauna ki sake rubuta su da Turanci da kanki, ba ki ba wani ya fassara ba, kuma masu Amurka yawanci Disamba zuwa Janairu suke rufe karɓa, Chevening kuma tun kafin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Babi na ɗaya dai ki sake min shi, ki fara daga inda kakar ta shigo ɗakin da butar alwala a hannu tana tambayar wa ya taɓa mata kuɗin adashi, wato shafi na huɗu a yadda yake yanzu, ki turo in gani bayan an gama jarrabawa.